TOCILA MAI WUTA IRI-IRI: WACE WUTA ZA KA KUNNA?

A filinmu na wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan kaya wanda kusan kowane gida yana da shi, amma ba kowa ya san kanshi ba. Ina nufin tocila.

Tocilar da muka tashi muka tarar ta ƙarfe ce, mai manyan pil biyu ko uku. Wutarta ɗaya ce. Ka tura makunni ta kama, ka jawo shi ta mutu. Dattawa suna tune da pil ɗin Wonder na Faransa, da mai kan damisa na ƙasar Sin. Yau abin ya sake. Ka zaga teburan Sabon Gari a nan Maraɗi, ko babbar kasuwa ran Litinin ko ran Juma'a, za ka ga tocila kala-kala. In ka danna sau ɗaya, ta ba da wuta mai ƙarfi. In ka ƙara dannawa, wutar ta ragu. In ka danna na uku, ta shiga ƙyaftawa kamar walƙiya. Wata tana da wuta a gefe, wata har da ja. Mai tebur yakan haska maka ta farko kaɗai, don ita ke sayar da kaya. Kai kuma ka koma gida kana kunna ta farkon nan kullum, kana cewa pil ɗin yanzu ba su da kirki.

Gaskiya ne akwai pil marar kirki. Amma sau da yawa hannun mai tocila ne ke cinye kuɗin.

Tocila ba sabon abu ba ce a duniya. A 1899 aka yi ma ta farko takardar shaida a Amurka, da sunan wani Bature ɗan Ingila, David Misell. Daga lokacin har kusan shekara 100, ƙwan tocila iri ɗaya ne: ɗan gilashi da siririyar waya a ciki. Wayar tana yin zafi har ta yi haske. Mafi yawan ƙarfin pil a zafin nan yake ƙarewa, kaɗan ne ke zama haske. Sai wasu masana uku ƴan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a yi wani ƙwai da ba ya da waya, mai ba da shuɗin haske. Daga shi aka samu farin ƙwan da ake ce ma LED. An ba su babbar kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Ƙwan nan yana cin pil kaɗan, kuma ba ya saurin ƙonewa. A bayanshi akwai ɗan allo ƙarami wanda ke auna mashi wuta, ya ba shi da yawa ko ya ba shi kaɗan. Shi ya sa tocila ɗaya take da wuta uku, ko biyar.

Mu a karkara wannan ba abin wasa ba ne. A ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar Nigelec, wadda muke ce ma kuran, kuma mafi yawansu a birni suke. Ko a birnin ma kun ga abin da ya faru. Wutar Maraɗi da yawanta daga Nijeriya take zuwa, ta hanyar Katsina da Gazawa. A watan Agusta na 2023 aka yanke ta, ba a maido ba sai a farkon 2024. A watannin nan mai kuran da marar kuran duk tocila suka riƙe.

Mu yi lissafi

Ku ɗauko alli ko biro. Wannan misali ne, kowa ya sa farashin garinsu.

A ce pil biyu dala 40 ne. A takarda za ku ga an rubuta 200 F, don dala ɗaya tamma 5 ce. A ce kuma kana kunna tocilarka awa 2 kowane dare. In babbar wuta tana cinye pil ɗin nan cikin awa 4, ka ga dare 2 ke nan. A wata mai kwana 30 sai ka saya sau 15. Dala 40 sau 15, dala 600. Jikka uku ke nan, 3000 F.

To, a ce ƙaramar wuta tana kai awa 16 da pil ɗin nan. Dare 8 ke nan. A wata sai ka saya sau 4. Dala 40 sau 4, dala 160, wato 800 F. Ka cire 800 daga 3000, saura 2200 F a aljihunka. Ka tambayi kanka tiyar hatsi nawa ce wannan a lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa.

Wani zai ce: to, Malam, in wutar ta ragu kashi huɗu, me zan gani? Ga abin mamaki game da idon ɗan Adam. In aka rage haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ido yana ganin kamar rabi aka rage. Kuma ido yana sabawa da duhu. In ka zauna cikin duhu minti 20 zuwa 30, za ka fara ganin hanya da itace da dabba ko ba fitila. Da ka kunna babbar wuta, sabon nan ya tafi, sai ka sake jira. Makiyayan da ke kwana a daji sun san wannan tun kafin a kawo tocila.

Kada ku tsaya ga lissafina kaɗai. Kowace tocila da cinta. Ran da ka sa sabon pil, ka rubuta kwanan wata a littafinka. Ran da ya mutu, ka sake rubutawa. Ka yi wata ɗaya da babbar wuta, wata ɗaya da ƙarama. Littafin zai faɗa maka gaskiya, kuma ka samu abin motsa hannu da rubutu.

Saboda haka ƙaramar wuta ita ce ta kullum. Da ita za ka nemi takalmi, ka duba tukunya, ka zaga bayan gida, ka ɗaure jaki. Da ita za ka bi hanyar gona. Ka haska ƙasa, taki biyu ko uku a gabanka. Wanda ya ɗaga wuta yana haska nesa, ya bar ƙafarshi cikin duhu, shi ne ke taka abin da bai gani ba. Kububuwa da dare take fita, kuma kalarta kalar ƙasa ce. Kasa ba ta gudu, kwanciyarta take yi a kan hanya. Kunama kuma tana son ƙarƙashin dami da cikin takalmi. Ina magana musamman da mutanen Jiratawa, masu aiki a filin noman rani da aka shirya tun farkon shekarun 1980, mai faɗin sama da hekta 500. Mai zuwa ban ruwa da asuba yana bin bakin kwalbati da cikin zogale, inda akwai sanyi da kwaɗi da ɓeraye. Inda waɗannan suke, maciji yana kusa. A sa takalmi mai rufe ƙafa, a haska kafin a sa hannu cikin ciyawa. In kuwa tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a ɗora shi a amalanke ko moto zuwa gidan likita mafi kusa. Ko da bai ji ciwo sosai ba, a kai shi, don dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna.

Amma a lura: ƙaramar wuta daban, wutar da pil ɗinta ya mutu daban. In haske ya koma ja-ja, ba ka rarrabe igiya da maciji, to ba tattali kake yi ba. Canza pil.

Babbar wuta fa? Tana da ranarta. Ita ce ta neman akuyar da ba ta dawo ba, da duba ƙarshen garke, da leƙa rijiya in wani abu ya faɗa. Makiyayi ya san idon saniya da na tunkiya da na kare suna ƙyalli in wuta ta same su. Idon mutum ba ya yin haka. Ka kunna, ka share wurin da haske sau ɗaya, ka ƙirga idanu, ka kashe. Minti ɗaya ya isa. In ka bar ta tana ci, kan tocilar zai yi zafi, pil ya zube kamar ruwa a kwando.

Akwai kuma maganar ladabi. Samari sun ɗauki wata al'ada ta haska ma mutum fuska don su ga ko wane ne. Da tsohuwar tocila ma rashin kunya ne, balle da ta yanzu, wadda ke barin mutum yana ganin duhu-duhu. In ka haɗu da mutum, ka haska ƙasa tsakaninku, ka yi sallama. Murya ta isa ta faɗa maka ko wane ne. A bakin titin Tibiri ko na Madarumfa kuwa, haska idon mai mota ko mai moto yana iya jawo hatsari, kuma kai da ke tsaye a gefe kake kusa da shi.

Wuta mai ƙyaftawa

Wannan ita ce wadda mutane suka fi tambayata. Wasu suna tsammani tocila ta lalace. Yara kuwa sun mai da ta abin wasa a dandali. Ba ta lalace ba. An yi ta ne don a gan ka, ba don ka gani ba. Ido yana saurin kula da wutar da ke motsi ko daga nesa.

Mai amalanke da dare ya riske shi a kan kwalta, da buhunan gyaɗa ko karan dawa, ya fi kowa bukatarta. Amalanke ba ta da fitila, jaki ba ya da oda. Ka ɗaure tocila a baya, ka sunkuyar da kanta kaɗan, ta riƙa ƙyaftawa. In tana da jar wuta, ita ta fi, don direbobi sun san ja a baya yake. Haka nan mai kora shanu zai tsallaka titi.

Wata tocilar tana da ƙyaftawa ta biyu: gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku. Sunanta SOS. Ƙasashen duniya suka yarda da ita a wani taro a Berlin a 1906, don jiragen ruwa su nemi agaji. Alama ce mai kyau, amma a dajinmu wa ya san ta? Alamar da maƙwabcinka bai sani ba, ba ta kiran kowa. Abin da ya fi shi ne mutanen gari ko na ruga su zauna da rana, gaban mai gari ko arɗo, su yanke: in an ga wuta tana ƙyaftawa daga gona ko daga garke, to ana neman taimako. Daga ranar kuma a hana yara wasa da ita. In ana kunna ta kullum a banza, ran da aka kunna ta da gaske ba mai tashi.

A ƙasar Kenya, kusa da birnin Nairobi, wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere ya yi wata dabara yana ɗan shekara 11. Zakuna suna kashe shanun babanshi da dare. Ya lura zaki ba ya matsowa in ya ga mutum yana yawo da tocila. Sai ya samu tsohon batirin mota, da pano na hasken rana, da akwatin siginar moto, da ƙwan tsohuwar tocila. Ya jera ƙwayayen a kewayen garke, suna kamawa suna mutuwa bi da bi, kamar mutum na zagayawa. Zakuna suka bar garken. A 2013 aka kai shi Amurka ya ba da labarin, kuma makiyaya da yawa sun kwaikwaye shi. Mu nan ba mu da zaki, amma muna da dila da karnukan daji masu ɗaukar ƴan tumaki. Sai dai dabba daban, ɓarawo daban. Ɓarawon shanu mai makami, wuta tana nuna mashi inda kake tsaye. In abin ya kai nan, kashe tocila, ka nemi mutane, a sanar da hukuma.

Abu ɗaya kuma: ƙyaftawar nan tana iya tayar ma wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Kada a haska ta a fuskar kowa. Tun da yawancin tocilolin nan sai ka bi ta kan kowace wuta kafin ta mutu, ka rufe gilashin da tafin hannu sa'ad da kake dannawa.

Ni wadda na fi so ita ce wutar gefe. Ba ta zuwa nesa, amma tana baje haske kamar fitilar ƙwai. In aka rataye ta a rumfa, mutum huɗu ko biyar suna karatu a tabarma ɗaya. Ba hayaƙi, ba kuɗin kalanzir, ba tsoron yaro ya ture ta zana ta kama, musamman da iskar hunturu. Ungozoma ma tana jin daɗinta, don hannuwanta biyu suna sake. A cibiyarmu ta yaƙi da jahilci ita muke ratayewa. Wanda zai sayi tocila don gida, ya nemi mai wutar gefe ko da ta ɗara kuɗi kaɗan. Jar wuta kuma ba ta tara ƙwari kamar fara, kuma ba ta ɓata ma ido sabon duhu.

Karanta kafin ka biya

Nan ne karatunku zai yi maku rana. A jikin kowane pil akwai alama biyu da kuka sani daga lissafi: + da −. Kan da ke da ɗan tsini shi ne +. Cikin tocila ma an zana yadda za a jera su. Ƙwan LED ba ya kamawa in an juya pil, wani ma yana lalacewa. Akwai lambar girma: R20 shi ne babba, R6 shi ne mai kamar yatsa, R03 shi ne ɗan siriri. In ka ga L a gaba, kamar LR6, to irin mai daɗewa ne, ya fi tsada amma ya fi jimre ma babbar wuta. Za ka ga 1,5 V, ƙarfin pil ɗaya ke nan. A gindi ko a gefe akwai wata da shekara, misali 06-2027, wato watan 6 na 2027. In lokacin ya wuce, ka bar mashi kayanshi. Pil ɗin da ya sha rana a kan tebur ma yana rage ƙarfi tun ba a sa shi a komi ba. Ka sayi na cikin inuwa, wanda ledarshi ba ta yage ba.

A kwalin tocila kuma za ka ga lamba da haruffa biyu, lm. Awon haske ne. Kyandir ɗaya yana ba da kamar 12. Ƙwan fitilar mota yana ba da 1000 zuwa 1500. To, in ka ga ƴar tocila mai pil uku sirara an rubuta mata 100 000 lm, ka san mai kwalin ya mai da kai wanda bai iya ƙirga sifiri ba. Ka bar kwali, ka gwada kaya. Ka danna makunni sau goma ka ga ko yana tsallake. Ka girgiza ta tana kunne, in wuta ta yi rawa, ajiye. Ka buɗe gindinta ka duba ko akwai ɗan zoben roba mai hana ruwa da ƙura shiga.

A gida kada a haɗa tsohon pil da sabo. Tsohon yana jan sabon ƙasa, kuma shi ne ke fashewa ya zubo da ruwan da ke cin ƙarfe. In za ka ajiye tocila kwanaki, ka cire pil. Wasu tocilolin suna shan pil kaɗan-kaɗan ko suna kashe. Maganinsu shi ne ka kwance gindin kaɗan har wuta ta ƙi kamawa, in za ka yi aiki ka murɗa. Shanya mataccen pil a rana yana ba shi ɗan numfashi na mintoci, ba ya maido shi. Cizon shi da haƙori kuwa, don wai ya ƙara wuta, a bar shi sam.

Akwai masu caji, waɗanda ake sa ma wuta a pano ko wurin mai cajin salula. Suna raba ka da sayen pil, in kana da wurin caji kusa. Da yawansu batirin da ke ciki an rubuta mashi 18650 da 3,7 V. Irin wannan ba ya son zafi. Kada a yi cajinshi cikin rana tsaka, ko a kan katifa, ko ƙarƙashin matashi. Pano ya sha rana, tocila ta zauna a inuwa. In batirin ya kumbura ko yana wari, a fitar da shi waje nesa da zana da rumbu, don yana iya kamawa da wuta.

Saura maganar mataccen pil, kuma ita ce ta fi damuna. Ku duba juji a kowane gari, za ku ga yara suna fasa pil da dutse, suna wasa da baƙin garin da ke ciki. Wasu manya ma suna shafa garin a allon makaranta don ya yi baƙi. Garin nan ba gawayi ba ne. Yana da sinadarin da ke cutar da jiki in ya shiga baki ko ido. Wasu masu cajin masu araha kuma, waɗanda suke da nauyi a hannu, batirinsu na darma ne. Darma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. A Senegal, a wata unguwa ta Thiaroye kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ƙurar darmar da ake cirewa daga tsofaffin batiran mota a cikin unguwa. Ɗan ƙaramin pil mai kamar maɓallin riga, na tocilar makulli da agogo, shi ma mugu ne. In yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2. A kai shi gidan likita nan take, kada a jira ya fita da kanshi.

Kada a jefa pil a wuta, ko a rijiya, ko a gulbi, ko a turken dabbobi, ko cikin takin da za a kai gona. A samu gwangwani mai marfi a riƙa tara su, a ajiye sama inda hannun yaro ba ya kai. In ya cika, a tambayi ma'aikatan tsabta na gidan magajin gari inda za a kai shi.

Ga aikin wannan wata, a yi shi a cibiya tare da malaminku. Mutum yana sayen pil na 3000 F a wata. Ya koma ƙaramar wuta, yana sayen na 800 F. Nawa ya rage mashi a wata 12? Ku rubuta amsa da tamma, sa'an nan ku mai da ita dala. Cibiyar da ta fara aiko da amsa daidai, daga Tibiri ko Jiratawa ko nan cikin Maraɗi, za mu buga sunanta a fitowa ta gaba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.